Yadda ƙungiyar gari za ta samo kuɗin adana tarihinta da kai shi gaban jama'a

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da kowa ke ce wa Iya. Ta haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe da kirarin gidajen garin, ta san wace rijiya aka fara haƙawa da wanda ya haƙa ta. A ƙungiyarmu ta ci gaban gari muka yanke shawarar ɗaukar maganarta, amma muka ce sai mun sami tallafi mun sayi kyamara mai kyau tukuna. Muka rubuta takarda, muka aika, muka zauna jira. A wata na biyar Allah Ya yi mata rasuwa. Wayar da ke aljihuna a lokacin ta isa ta ɗauki duk abin da ke bakinta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shi ya sa matakan da ke tafe a ƙasa suke a jere yadda suke. Kuɗin ƙasashen waje suna can kusa da ƙarshe, domin a nan ne wurinsu.

Mataki na 1: Ku tsayar da aiki ɗaya

"Raya al'adunmu" buri ne, babu mai iya yi masa kasafi. Aiki shi ne a ce za a yi hira da tsofaffin maƙera da marina 20 a cikin wata shida, ko za a lissafa littattafan da ke gidajen malamai huɗu a ɗauki hotonsu, ko za a riƙa zaman tarihin gari sau ɗaya a wata a filin makarantar firamare har shekara ta zagayo. Ku zauna ku zaɓi ɗaya, kuma ku fara da wanda ya fi kusa da salwanta: dattijon da ya fi tsufa, adakar da gara ta fara ci. Sannan ku rubuta a shafi guda abin da za a yi, masu yin sa, da inda abin da aka tattara zai zauna bayan an gama. In shafi guda bai ɗauke shi ba, aikin bai nuna ba tukuna.

Mataki na 2: Izinin masu abin

Kafin a kunna rakoda, a je gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a sanar da mai unguwa da limamin Juma'a. Wannan kowa ya sani. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne izinin shi mai maganar ko mai littafin, wanda izinin fada ba ya tsaya masa.

A gaya masa dalla-dalla inda maganarsa za ta je: za a ajiye ta ne kawai, za a sa a rediyo, ko za a ɗora a intanet inda ɗan uwansa na Legas da baƙon da bai taɓa gani ba duk za su ji. In ba ya karatun boko, a karanta masa, ya faɗi amincewarsa da bakinsa a farkon ɗaukar, tare da sunansa da kwanan wata. Yana da ikon cewa a kashe na'ura, yana da ikon cewa wannan ɓangaren kada a fitar sai bayan ransa, kuma a cika masa.

Tarihin gari yana da wuraren da ke da zafi. Rigimar sarauta, iyakar gona, asalin gidan da kakanninsa suka zo ta hanyar bauta, duk suna iya fitowa a bakin tsoho cikin raha, su zama fitina in an watsa. Haka kundin malam: cikin gafaka ɗaya za ka sami waƙar wa'azi ta ajami da wasiƙun fatauci da takardun lakani waɗanda magada ba za su so kowa ya gani ba. Su ne za su ware, ba ku ba. Kuma lallai tawagarku ta ƙunshi mata. Namiji iyakarsa zaure, alhali rabin tarihin garin yana cikin gida, wurin masu tatsuniya da ungozoma da tsofaffin da suka ga auren kakanninmu.

Mataki na 3: Somin taɓi da abin da ke hannu

Ku yi hira biyar da kuɗin aljihunku. Waya ta isa, in an haɗa ta da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. A zaɓi ɗaki mai shiru, nesa da injin niƙa da janareta, a kashe fanka, a sa wayar yadda kira ba zai shigo ba. A fara da tambayar da ke buɗe baki, kamar "Baba, yaya kasuwar nan take lokacin kuna yara?", sannan a yi shiru a saurara. Masu hira sabbin shiga sun cika katse tsoho daidai lokacin da ya kamo zaren. Kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi. Gara a dawo gobe.

A daren ranar a kwafe abin da aka ɗauka, a ba shi suna mai ɗauke da kwanan wata da sunan mai magana, a rubuta a littafi abin da aka tattauna. Kwafi uku ake yi, a ajiye a wuri daban-daban, ɗaya a wajen garin ma in da hali. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa.

In littattafai ne, kada a canza jerin takardun, domin yawancin rubuce-rubucenmu na da warwara suke, ba a ɗinke ba, kuma in sun cakuɗe sai masani ya sha wuya kafin ya mayar. Ba a manna musu salatif, ba a rufe su da leda mai zafi, ba a lasar yatsa a buɗe shafi. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bangon da ke jiƙa da damina.

Wannan ɗan aikin shi ne jarinku. Duk wanda za ku roƙa daga baya, attajirin gari ne ko wata gidauniya a Landan, minti uku na muryar tsohuwa tana waƙar daɓe zai fi shiga ransa fiye da shafi goma na bayani. Gani ya kori ji.

Mataki na 4: Kuɗin gida

Mutanenmu suna bayarwa. Su suka gina masallatan Juma'a da Islamiyyu da gudummawa, su suke gayya a gyara maƙabarta. Abin da ba a saba ba shi ne a nemi su bayar don tarihi, saboda haka sai an nuna musu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun sallah, sa'ad da 'yan garin da ke Kano da Abuja da Fatakwal suka dawo gida. A kira taro, a kunna abin da aka ɗauka a lasifika, jikoki su ji muryar kakansu, sannan a buɗe gidauniya. A je wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwa, da 'yan garin da ke ƙasashen waje ta zauren WhatsApp. A riƙa karɓar kaɗan-kaɗan duk wata kamar zubin adashi; ya fi dogaro da alkawarin babban mutum ɗaya a ranar taro, wanda sau da yawa a lasifika yake ƙarewa.

A kula da wani abu. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, saboda haka kada ku je neman zakka don sayen kyamara. Ƙofar da ta dace da wannan aiki ita ce sadaka mai gudana da waƙafi. Mutum zai iya ba da ɗaki ya zama ɗakin karatun gari, ko shago guda a riƙa biyan mai kula da ɗakin da kuɗin hayarsa. Jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi ko hubusi. A nemi shawararsu kan yadda ake rubuta shi ya tabbata, don kada magada su tayar da magana bayan mai bayarwa ya kwanta dama.

Duk abin da aka ba ku wanda ba kuɗi ba ne, ku rubuta shi da ƙimarsa: ajin da hedimasta ya ara muku, motar da wani ya bayar, rabin awa da gidan rediyo ya ba ku kyauta, kwanakin da matasa suka yi suna aiki ba lada. Masu ba da tallafi na waje suna tambayar me al'umma ta sa, kuma wannan littafin shi ne amsarku.

Na dage a kan kuɗin gida ne saboda na waje ba su da tabbas, ko a ƙasar masu su. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta soke tallafin da hukumarta ta tallafa wa ilimin tarihi da al'adu (NEH) ke ba ƙungiyoyin al'adu na jihohi masu shirya zaman karatu da tarihin baka da nune-nune a ƙananan garuruwa, sai da Gidauniyar Mellon ta kawo agajin gaggawa na dala miliyan 15. In haka ta faru da su, mu da ke nesa sai mu kafa aikinmu a kan abin da ba ya yankewa da sauyin gwamnatin wata ƙasa.

Mataki na 5: Takardu

Babu gidauniyar kirki da za ta tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunan ƙungiya. A Najeriya, rajistar ƙaramar hukuma ko ta jiha tana isa a fara aiki a gida, amma don tallafi mai kauri sai an yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana bukatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulkin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓe su. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan takardar shaida ta fito sai a nemi lambar haraji, da takardar SCUML, wani sashe na hukumar EFCC, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Ita wannan kyauta ake yin ta. A buɗe asusun naira da na kuɗin waje, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu. A Nijar, ƙungiyoyi suna bin dokar 1984 ne, a shigar da takardu ta hannun hukumomin yanki har a sami amincewar ma'aikatar cikin gida.

Wajen zaɓen amintattu, ku nemi masu amana da lokaci. Babban suna da ba ya ɗaga waya zai tsayar muku da aiki ranar da banki ke neman sa hannunsa. Kuma rajista tana da ɗawainiya: kowace shekara sai an kai wa CAC rahoto.

Mataki na 6: Ku jingina da wata cibiya

Ƙaramar ƙungiya tana bukatar babbar inuwa, don horo, don wurin ajiya mai ɗorewa, kuma don wasu masu tallafi cibiya suke ba kuɗi ta riƙe. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa shi ma a Kaduna. A Kano akwai Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, da CELHTO ta Tarayyar Afirka wadda aikinta ke nan, tarihin baka. Sashen tarihi ko na Hausa a kwalejin ilimi mafi kusa da ku ma ya isa farawa.

Ku je da shafinku guda da somin taɓinku. In an amince, a rubuta yarjejeniya: wa ke riƙe kuɗi, kashi nawa cibiya za ta cire na hidimarta, kayan aiki na wa ne bayan an gama, sunan wa zai fito a kan aikin, kuma asalin littattafai suna nan hannun masu su. Mun taɓa shiga irin wannan haɗin da baki kawai, aka gama aiki, kwamfuta da kyamara suka zauna a wani ofis, garin bai sami ko kwafi ba sai da aka yi ta sintiri.

Mataki na 7: Ku san wa ke ba da me

Kowace gidauniya da abin da ta sa gaba, kuma aika takarda ɗaya ga kowa ɓata lokaci ne. In tsofaffin littattafai da takardu ne, akwai shirin Endangered Archives Programme na British Library (babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya), wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004. Yana ba da har fam 15,000 don aikin gwaji da bincike, da har fam 60,000 don babban aiki. Sharaɗinsa asalin takardu ba sa barin ƙasarsu, ana ajiye kwafi a wata cibiya ta gida, amma hotunan ana ɗora su a intanet kowa ya gani kyauta, don haka sai masu littattafan sun san da wannan sun yarda. An yi ayyukansa a Najeriya, har da na takardun tarihi a Kaduna da na waƙoƙin Fulfulde na ajami. Ana fara cike gajeren fom ne wajen ƙarshen shekara, wanda ya tsallake a gayyace shi ya kawo cikakke.

In kayan na ƙarni na 20 zuwa yau ne, irin su kaset-kaset na wa'azi da waƙa, hotunan tsohon mai hoto na gari, ko jaridu, shirin Modern Endangered Archives Program na ɗakin karatun Jami'ar UCLA a Amurka ya fi dacewa. In sana'ar hannu ce ke ɓacewa, rini ko jima ko ƙira ko ginin ƙasa, gidan tarihi na British Museum da ke Landan na da shirin Endangered Material Knowledge Programme. In harshe ne, akwai ELDP, shirin adana harsunan da ke ɓacewa, da ke Balin a Jamus; Hausa ba ta cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa, amma ƙananan harsuna da dama a Bauci da Filato da Gwambe, waɗanda yaransu suka koma Hausa, suna ciki. Gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus tana tallafa wa adana kayan tarihi, gidauniyar ALIPH da ke Janeba kuma ta kayan tarihin wuraren da rikici ya shafa ce.

Ga mai farawa, ƙaramin tallafi ya fi. Gidauniyar Wikimedia tana ba da dala 500 zuwa 5,000 don ayyuka irin su ɗaukar hotunan wuraren tarihi da rubuta su a Wikipedia ta Hausa, kuma akwai ƙungiyar masu wannan aiki da Hausa da za su nuna muku hanya. Wanda ya riƙe ƙaramin kuɗi ya kawo rahoto mai tsabta, shi ake ba babba. Adadi da wa'adi suna canzawa, a karanta shafin gidauniyar da kanta a shekarar da za a nema. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ko na "fito da tallafi", ɗan damfara ne.

Mataki na 8: Rubutu da kasafi

Ku fara rubutawa da Hausa, a karanta a taron ƙungiya, kowa ya gane abin da ake alkawartawa da sunansa, sannan a juya zuwa Turanci ko Faransanci. Ku amsa tambayar da aka yi, da adadin kalmomin da aka ce. Ku faɗi abin da ke akwai da lamba: gida nawa, littafi nawa, dattijo nawa, me ke barazana gare su, me kuka riga kuka yi da kuɗinku. Kada a ƙara gishiri. Masu dubawa masana ne, in kun ce littafin shekara 200 ya shekara 800 za su gane.

A kasafi ne aka fi faɗuwa. A sa komai da sunansa: kuɗin mota, batura da sola, faifan ajiya, hayar rumfa da kujeru da lasifika, alawus ɗin masu aiki, da goron dattawa, wanda haƙƙinsu ne kuma ba abin ɓoyewa ba. A ware kuɗi mai kauri don rubuta hirarraki, domin awa ɗaya ta magana tana cin awa shida ko fiye kafin a mayar da ita takarda, kuma yawancin ayyukan da suka tsaya a nan suka tsaya. A yi lissafin canji da hankali: a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Tsakanin rubuta takarda da shigowar kuɗi ana iya yin wata takwas, don haka a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa. A aika kwana uku kafin wa'adi, saboda wuta da intanet. In ba a dace ba, a rubuta a nemi dalili cikin ladabi, a gyara, a sake nema baɗi.

Mataki na 9: Bayan kuɗi sun shigo

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kuɗi suka shigo a sanar da 'yan ƙungiya da hakimi adadinsu da abin da aka ba da su dominsa, tun kafin jita-jita ta ninka su goma. Kowane kashewa da rasidinsa. Inda babu rasidi, kamar ɗan acaɓa ko goron tsohuwa, a yi takardar karɓa a sa hannu ko a dangwala yatsa. Ba a ɗaukar kuɗin wani layin kasafi a kai wani sai an rubuta an nemi izini, kuma in matsala ta taso, ambaliya ko rashin tsaro a hanya, a faɗa da wuri. Ma'aji ya riƙa karanta lissafi a taron wata.

Sai kuma mayar wa gari abinsa, wanda shi ne dalilin duk wahalar. Kowane gida da aka yi hira da shi a kai masa kwafi a memori, da hoton dattijonsu a wanke. A ba makarantun firamare da Islamiyyu ɗan littafi da Hausa, boko da ajami in da hali. A kai wa gidan rediyo gutsattsarin da masu su suka yarda a watsa. A shirya dare guda a ƙofar fada ko filin makaranta, a kafa majigi bayan sallar isha'i, a tanadi wurin mata, a zaunar da dattawan da suka yi magana a gaba. A bar makirufo a buɗe bayan an gama, domin a nan ne wani zai miƙe ya ce ba haka aka yi ba, kakarsa ta faɗa masa daban, wata kuma ta aiko yaro ya ce akwai adakar takardu a ɗakin marigayi mijinta. Sakatare ya zo da littafi da biro, ya rubuta sunayensu da unguwanninsu, a sa ranar zuwa tun a daren.